Vrindavan, Haridwar, Rishikesh: Yadda Na Ga Ana Koyar Da Mantra A Indiya

Aiki ne ya kai ni Indiya a watan Fabrairu. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma wurin aikinmu ne ya tura ni wani gajeren horo a Delhi. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano muka tashi a jirgin Habasha, muka yada zango a Adis Ababa, muka kwana a sama, gari na wayewa muna Delhi. Duk mai shirin wannan tafiya ya ajiye katin rigakafin shawara kusa da fasfonsa, don tun daga gida za a fara tambayarsa. Layin baƙi ya yi tsawo, jami'in shige da fice ya ɗauki zanen yatsuna, ya tambayi adireshin masaukina, sannan ya buga hatimi ya sallame ni.

Horon ya tafi lami lafiya, ba sai na ɓata muku lokaci da shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda abokan aikinmu na can suke sako maganar mantra idan ana batun marasa barci da masu yawan fargaba, tamkar dai suna cewa a riƙa motsa jiki ko a rage shayi da dare. Mantra kalma ce ko jimla, galibi da harshen Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, wadda mutum yake ta maimaitawa har hankalinsa ya tattaru wuri guda. Da na tambaye su wacce ake ba majinyaci, kuma wa yake koya masa, kowa da amsarsa. Wata ta ce a je wurin malamin da aka horar a biya, wani ya ce kakarsa ta koya masa kyauta. Tunda bizata tana da sauran rai, na ce bari in je in gani da idona. Ɗan yayata yana karatun haɗa magunguna a Greater Noida, wani gari kusa da Delhi, kuma ya iya Hindi na ciniki, shi na ja ya raka ni.

"Kawu, gidajen gumaka fa za ka shiga," in ji shi.

Na ce masa kallo da tambaya za su kai ni, ba karɓa ba.

Daga Greater Noida muka ɗauki shatar mota zuwa Vrindavan, garin da mabiya Hindu suke tsarkakewa saboda abin bautarsu Krishna, a kan rufi 2,500, ban da kuɗin ƙofar hanya. Babbar hanyar Yamuna shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami babu shingen 'yan sanda, sai rumfunan biyan kuɗi, amma hazon sanyin safiya ya sa direban tafiya a hankali har rana ta ɗaga. Muna sauka daga babbar hanyar komai ya canza: lunguna ƙanana, shanu kwance a tsakiyar titi, masu keke mai ƙafa uku suna cewa "Radhe Radhe", kiran abar bautarsu Radha, maimakon danna oda.

Masauki ne ya fara ba mu wuya. Wurin farko da muka shiga mai shi ya ce akwai ɗaki, har ya faɗi kuɗi. Ina miƙa koren fasfo sai ɗakin ya ɓace. Wai ba shi da izinin cike fom ɗin da doka ta ce a cike wa kowane baƙo ɗan ƙasar waje. Ta yiwu gaskiyarsa ce, don fom ɗin yana nan, amma fuskarsa ba ta fom take magana ba. Ɗan yayata ko a jikinsa, ya ce ɗalibai 'yan Afirka sun saba, har hayar gida haka suke fama. Sai can gaba muka sami wani dattijo da ya karɓe mu a kan rufi 1,200, ya yi hoton fasfo da biza, ya kawo mana bargo na biyu ba tare da mun roƙa ba. Kafin mu kai ga ƙofarsa kuma biri ya diro daga katanga ya fizge tabarau daga fuskar yaron. Kafin mu gama salati wani yaro ya iso da kwalin lemon mangwaro na Frooti, ya cilla sama, birin ya cafe ya sako tabarau. Rufi 100 muka biya, kuma har yau ina zargin da birin da mai lemon bakinsu ɗaya.

Abin da ya kawo mu shi ne haikalin Krishna Balaram na ƙungiyar ISKCON, waɗanda duniya ta fi sani da 'yan Hare Krishna. A. C. Bhaktivedanta Swami Prabhupada ne ya kafa ƙungiyar a New York a 1966, aka buɗe wannan haikalin a 1975, kuma a nan aka binne shi bayan rasuwarsa a 1977. Tun kafin asuba suke fara hidimarsu. Mu dai muka yi sallarmu a ɗaki, muna fuskantar yamma, sannan muka fita cikin sanyi, aka bi mu da na'urar bincike a ƙofa, muka ajiye takalma. A tsakar gidan na tsaya. Ɗaruruwan mutane ne, wasu a zaune, wasu suna kai da komo, kowa da jakar ƙyalle rataye a wuya, hannun dama a cikinta. Ta wata 'yar huda ɗan ali yake leƙowa waje, domin ba a taɓa carbin da shi. Babban yatsa da na tsakiya ne suke ja. Sauti kuwa ba ihu ba ne, ba kuma shiru ba, wani gunguni ne mai kauri da ya cika wurin.

Wani mutumin Gana, sanye da fararen kaya, ya hango mu ya taho da fara'a. A haikalinsu na Medie kusa da Akra ya fara, in ji shi. Ya zaro carbin ya nuna mini: ƙwaya 108 na itacen tulsi, da babba guda a kai wadda ba a tsallake ta, in an iso ta sai a juya a koma baya. A kan kowace ƙwaya ana faɗin jimla ɗaya mai kalma 16, wadda sunaye uku ne kawai ake jujjuyawa a cikinta, Hare da Krishna da Rama. Wanda ya yi alkawari a gaban malaminsa zagaye 16 yake yi kullum, wato sau 1,728, abin da yake cin kusan awa biyu. A igiyar jakar akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake zamewa ɗaya bayan ɗaya don kada lissafin zagaye ya ɓace.

Na tambaye shi yadda ake koyo. Ya yi dariya, ya nuna mini bango, ga kalmomin nan a rubuce da manyan baƙaƙe. Babu sirri, babu kuɗi, cikin minti biyar za a nuna maka. Sharaɗin kawai ka faɗa yadda kunnenka zai ji, in hankali ya gudu ka dawo da shi kan sautin. Wahalar tana gaba, ga wanda yake son a ɗaura masa alkawari: sai ya daɗe yana cika zagayen nan, ya bar nama da kifi da ƙwai, ya bar caca da zina da duk abin sa maye, har da shayi da kofi. Ranar ɗaurin malamin ne yake fara jan carbin da hannunsa, sannan ya miƙa masa tare da sabon suna. Na ce to in majinyaci ne kawai yake neman barci fa? Ya ce, "Ɗan'uwa, barci zai iya zuwa, amma mu ba don shi muke yi ba. Bauta ce, sunan abin bautarmu muke kira." Ya gayyace ni in gwada, na ce ni Musulmi ne, ya sa hannu a ƙirji ya bar maganar. Da aka zo rabon abincin da suka fara miƙa wa gumakansu na ba da haƙuri, ba wanda ya ɓata rai. Na fita ina ganin girman mutumin, domin bai lulluɓe mini komai ba.

Muka koma Delhi muka kama jirgin ƙasa na Shatabdi mai zuwa Dehradun, wanda yake tashi da sassafe. Tikitin kujera bai kai rufi 1,000 ba, da shayi da karin kumallo a ciki. Gonakin rake ne dama da hagu daga Meerut har Muzaffarnagar, kafin azahar muna Haridwar.

A hanyar fita gari zuwa Rishikesh akwai Shantikunj, cibiyar da Shriram Sharma ya kafa a 1971, inda kusan kowa yake sanye da rawaya. Su mantra ɗaya suka riƙe, Gayatri, baiti ne daga Rigveda, tsohon littafin addinin Hindu, da ake roƙon abin bautar rana ya haskaka hankali. A tsohuwar al'ada ba kowa ake ba shi ba. Yaro namiji daga manyan dangogi ake raɗa wa a kunne ranar da aka rataya masa zaren tsarki, ya riƙa karantawa da fitowar rana da tsakiyarta da faɗuwarta. Sharma ya buɗe shi ga kowa, mata da ƙananan dangogi duka, kuma da idona na ga mata suna jagorantar ƙona hadaya a gaban wuta. Koyarwarsu ta aji ce: malami ya faɗa, jama'a su amsa, a gyara furuci gaɓa gaɓa, a bayyana ma'ana, sannan a ce ka sawwara hasken rana yana shiga jikinka yayin da leɓɓanka suke motsi. A nan sanin ma'ana rabin aikin ne. Ba mu daɗe ba, muka shiga wata babbar a-daidaita da ake cika ta da fasinja, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai zuwa Rishikesh.

Garin yana daidai inda kogin Ganga yake fitowa daga duwatsu, ruwan kore shar, iskar safiya kuwa tana ratsa ƙashi. Nama da giya haramun ne a garin bisa doka. Na giya bai dame mu ba, amma na nama ya taɓa mu. Faranti ne kullum na shinkafa da gurasarsu da miyar wake da cuku da ganye, rufi 150 zuwa 200, a ƙara maka har ka ce ya isa, amma Bakano in ya tashi daga kansa sai ya ji kamar bai ci ba. Yajin ƙuli da yayata ta ba ni in kai wa ɗanta shi ya cece mu, a gabansa na cinye rabi.

Kusa da gadar Ram Jhula zawiyar Swami Sivananda take. Likita ne da ya yi aiki a Malaya, wato Malesiya ta yau, kafin ya yi watsi da abin duniya ya dawo nan, ya kafa ƙungiyarsa a 1936, ya rasu a 1963. A wani zaure nasu ana rera mantra ba dare ba rana tun Disambar 1943, mutum ya gaji wani ya karɓa. Lokacin da muka leƙa tsoho ɗaya ne kawai a ciki, lulluɓe da bargo, yana kaɗa 'yan ƙananan kuge, muryarsa ta dushe. Wani mai jajayen kaya da muka tarar a ɗakin littattafai shi ya fi kowa tsara mini bayani, wataƙila don gadon likita suka ci. Ya ce maimaitawa hawa uku ce: a bayyane, da raɗa, sai a zuci, kuma ta zuci ta fi ƙarfi amma ta fi wuya. Don haka sabon shiga da murya yake farawa. In ya natsu ya koma raɗa, in ya ƙara natsuwa ya koma zuci, in gyangyaɗi ya zo ko tunani ya yi yawa ya sake ɗaga murya. Akwai ta huɗu, ta rubutu. Ya buɗe mini wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, shafi bayan shafi kalma ɗaya ce da jan biro, layi a miƙe, babu gogewa ko ɗaya. Mai yi ba ya magana, ba ya ɗaga kai, har ya cika abin da ya ɗaukar wa kansa. Su ba su tilasta mantra ɗaya ba. Malami yana duba abin bautar da zuciyar almajiri ta fi karkata gare shi, mai bin Shiva a ba shi nasa da carbin rudraksha, mai bin Vishnu nasa da na tulsi. Kuɗi kuwa sai abin da ka jefa a akwatin sadaka.

Washegari muka tsallaka gadar, muna kauce wa babura da shanu da birai, muka bi gaɓar kogin har inda gidaje suka ƙare. Nan ne Chaurasi Kutia, tsohuwar zawiyar wani malamin mantra mai suna Maharishi Mahesh Yogi, inda mawaƙan nan na Ingila, Beatles, suka zo koyo a 1968, abin da ya sa duniya ta san garin. An watsar da wurin shekaru, ya koma hannun hukumar gandun daji, sai a 2015 aka buɗe shi ga masu ziyara. A ƙofa ma'aikacin ya duba fasfo, ya yanka mana tikitin baƙi wanda ya ninka na 'yan ƙasa sau da yawa. Ciki kufai ne. Bishiyoyi sun fasa gine-gine, an cika bangaye da zane, ga jerin 'yan ɗakuna masu siffar ƙwai da aka lulluɓe da duwatsun kogi. Na sunkuya na shiga ɗaya. Ƙasa wurin kwana ne da banɗaki, wata 'yar matattakala ta hau sama inda mutum ɗaya zai zauna, in ka yi tari sai sautin ya dawo maka.

A bakin ɗaya daga cikinsu muka tarar da wata tsohuwa Bajamushiya zaune ido rufe. Muka jira ta buɗe, na gaishe ta. Tun tana budurwa ta koyi tsarin Maharishi, wanda ake kira Transcendental Meditation, TM a taƙaice, kuma ba ta fasa ba. Nasu ya saɓa wa duk abin da na gani a baya. Babu carbi, babu ƙirga, babu murya, babu zaman harɗe. Minti 20 da safe, minti 20 da yamma, a kujera ma ya yi. Mantra ɗin ba a son ka san ma'anarsa, sauti ne kawai da za ka bari ya riƙa zuwa a zuci ba tare da ka matsa ba, in ya dushe ka ƙyale shi, in tunani ya zo kada ka yi kokawa da shi. Ta ce wanda yake ƙoƙarin tattara hankali ya riga ya kauce. Koyarwa kuma ba a littafi take ba. Kwana huɗu ne a jere wurin malamin da ƙungiyar ta horar, ranar farko kai da shi kaɗai, sauran ranakun a tattauna abin da ka ji, daga baya ka riƙa komawa ana duba maka. A ƙasashen Turawa kuɗin yakan kai ɗaruruwan daloli.

Na ce, "Mama, wace kalma aka ba ki?"

Ta yi murmushi ta girgiza kai. Ko mijinta bai taɓa ji ba har ya mutu.

Ta nanata mini cewa wannan ba addini ba ne, dabara ce, Musulmi da Kirista duk suna yi. Sai na tambaye ta yadda ranar farkon take. Ta ce an sa ta zo da furanni da 'ya'yan itace da farin hankici. Malamin ya tsaya gaban hoton Guru Dev, wato Brahmananda Saraswati malamin Maharishi, ya kunna turare da fitila, ya rera waƙa da Sanskrit yana miƙa kayan, ya durƙusa, sannan ya raɗa mata kalmar. A wurinta godiya ce ga malamai, ita kallo kawai ta yi. Ban yi mata musu ba, tsohuwa ce mai kirki, har lemo ta ɓare ta raba mana. Amma ba ni kaɗai abin ya tsaya wa ba. A 1979 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tabbatar da hukuncin hana koyar da shi a makarantun gwamnati na New Jersey, bisa cewa akwai addini a ciki. Wasu tsofaffin malamansu da suka fita kuma sun wallafa cewa kalmomin 'yan kaɗan ne, kuma da shekarun mutum ake zaɓa masa.

A hanyar komawa masauki mahaifina na riƙa tunawa. Batijjane ne, kuma na tashi ina jin laziminsa safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Bai fara ba sai da muƙaddami ya ba shi izini, da sharuɗɗan da ya ɗauka har mutuwa. Ba ina haɗa ambaton Allah da kiran Krishna ba ne, Allah ya tsare, yadda ake miƙa abu daga hannu zuwa hannu nake dubawa. Izini daga malami, adadi, lokaci, carbi, duk mun san su, har muna da namu saɓanin a kansu tsakanin 'yan ɗariƙa da masu inkari. Abin da ban sani ba a gida shi ne a ɓoye lafazin kansa, a sa masa farashi, sannan a ce maka ba ruwansa da aƙida. Lazimin Baba kowane yaro a layinmu ya haddace shi ta taga. Da na faɗa wa ɗan yayata haka sai ya ce, "Kawu, ai asibiti ma ana biya." Na ce ana biya, amma ana rubuta sunan maganin a kwali.

A jirgin ƙasa na dawowa Delhi Allah ya haɗa ni kujera da wani likitan zuciya daga Dehradun, Basikhe mai rawani. Da ya ji abin da ya kai ni sai ya kawo maganar Herbert Benson na Jami'ar Harvard, wanda masu yin TM suka je wurinsa da kansu ya auna su, ya ga numfashi da bugun zuciya da iskar da jiki yake ci duk suna sauka. Benson ya ci gaba da gwaji, a 1975 ya fitar da littafi yana cewa ba kalmar ce take aikin ba. Daga bisani ya taƙaita abin zuwa biyu: ka sami abin maimaitawa, in tunani ya kutso ka ƙyale shi ka koma. Shi da kalmar "one", wato ɗaya a Turanci, ya koyar, daga baya ya riƙa ce wa mutane kowa ya zaɓa daga addininsa. Likitan ya ce shi majinyatansa Sikhawa Waheguru, sunan Ubangiji a addininsu, yake ce musu su riƙe, Musulmi kuma ya ce su koma ga tasbihinsu, ya ƙara musu da zama shiru da sassauta numfashi. Na ce masa 'yan TM ba za su yarda da wannan ba, 'yan Vrindavan ma haka, su a wurinsu sunan ne komai. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi hawan jini yake aunawa. Muka yi ta ja har Ghaziabad, don ni ma ban gamsu a mayar da zikiri ƙwayar barci ba, shi kuma yana ganin in mutum ya sami lada ya sami barci ba a yi asara ba.

Muna sauka Delhi ko masauki ba mu nema ba, muka wuce unguwar Nizamuddin, inda kabarin Shehu Nizamuddin Auliya yake tun 1325. Muka yi sallah cikin jam'i, muka zauna a wata rumfa muka ci tsiren bauna da gurasa mai zafi har yaron ya ce, "Kawu, a bar wa gobe." Duka yawon, da mota da jirgin ƙasa da masauki da abincin mutum biyu, bai wuce rufi 20,000 ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin ƙarin kaya da na biya a filin jirgi, saboda atamfofi da magungunan da 'yan'uwa suka yi ta aiko saƙo a sayo musu.